Makulli Yana Cikin Kuka

Tudun Wada, Zariya,
Asabar da hantsi.

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga gare ni da duk mutanen gidanka, babba da yaro. Hannuna ya saba rubuta ina fata kana lafiya, to yau da na zo wurin sai alƙalami ya tsaya, don inda kake ba lafiyar jiki ake tambaya ba. Ina fata kana cikin rahamar Ubangiji, kabarinka da haske da yalwa. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Hankalina bai taɓu ba, har yanzu ni ce malamar aji huɗu, kuma na san babu ɗan aiken da ke zuwa inda ka tafi. Amma labari ya cika mini ciki tun jiya, kuma duk faɗin Tudun Wada ban ga wanda ya kamata ya ji shi ba sai kai.

Littafi na ƙarshe ya fito, Malam. Maƙeran Tama ya ƙare. Jiya Juma'a bayan la'asar na karanta shi a tsakar gida, daga bango har bango, a gaban mutanenka da mutanena. Na san abin da kake so ka ji: gardamar nan da muka yi shekara da shekaru muna yi, wa ya ci, ni ko kai? Za ka ji. Amma sai ka yi haƙuri in ba ka labarin gida tukuna. Ai kai ma haka kake yi mini. In ka dawo daga kasuwa da labari mai daɗi sai ka nemi ruwa, ka yi alwala a tsanake, ka tambayi lafiyar akuya, ni kuwa ina tsaye a kanka kamar in fashe.

Inna tana nan lafiya, sai gwiwa da ke damunta in gari ya yi sanyi. An ja mana wutar lantarki har layinmu. Ranar da aka kunna, yara suka yi ta ihu kamar an ga watan salla, ita kuwa mahaifiyarka ta dubi ƙwan da aka rataya mata a ɗaki ta ce a cire mata wannan idon, ba za ta yi barci abu yana kallonta ba. Har yau da 'yar fitilarta ta ƙwai take kwana. Hanyar bakin kasuwa an zuba mata kwalta, motoci kuwa kamar daga sama ake zubo su. Kowa ya yi kuɗi, wanda bai yi ba yana shirin yi. Ƙanenka Garba ya ajiye allura, wai ɗinkin hannu aikin tsofaffi ne. Yanzu ɗan kwangila ne, yashi da bulo yake kai wa masu gini, ya sayi babur, har ya fara ajiye tumbi. Kafin ya bari dai na tsare shi ya ƙarasa babbar rigar nan ta Alhajin Gyallesu da ka tafi ka bari a rabi. Alhajin ya karɓa ya yi godiya, amma duk wanda ya san hannunka, in ya dubi wuyan rigar zai nuna da yatsa inda ka tsaya da inda Garba ya kama.

Yarinyar nan, 'yarmu ta fari, ta sami shiga kwalejin horon malamai. Ranar da sakamako ya zo na rasa wanda zan yi musu da shi a kan ƙwaƙwalwar wa ta ɗauko. Bala ya yi tsawo, wandunansa duk sun ɗage, kuma ya gaji taurin kanka kaf, bai rage wa kowa ba. Ba mu cikin wata damuwa, alhamdu lillahi. An ƙara mana albashi, akwai hatsi a ɗaki, akuyar da kake tambaya ta haifi biyu.

To, mu koma kan Gwamma, yarinyar cikin littafin. Bari in maimaita labarin, ba don ka manta ba, don dai ni ina jin daɗin faɗarsa. Ka tuna ranar da amininka Malam Iro, akawun nan na jami'a da ke unguwar Kongo, ya kawo maka littafi na farko daga wurin mai sayar da littattafai na bakin ƙofarsu? Ɗan siriri, bangonsa ja, da hoton guduma. Ka jujjuya shi, ka ce idonka na allura ne, ba ka da ragowar da za ka ba tatsuniya, ka miƙo mini. Na buɗe da niyyar shafi biyu. Ranar nan tuwo ya ƙone, kuma babu wanda ya yi ƙorafi. Daga nan abin ya zama al'ada. Duk Juma'a bayan la'asar, kai kana kan tabarma da riga a cinya, ni ina kan kujera 'yar tsugune da littafi, Inna tana bakin ƙofar ɗakinta tana tsinkar zogale, matan maƙwabta su shigo da goyonsu. Malam Iro yana zaure, an bar masa ƙofa a buɗe, ni kuma in ɗaga murya don ya ji. In sabon littafi bai fito ba mu koma kan tsofaffin.

Birni ne na maƙera, ganuwarsa ƙarfe, ƙofarsa ƙarfe. Sarkin Tsatsa, wanda duk ƙarfen da ya hura wa numfashi sai ya ruɓe ya zama gari, ya zo musu da yaƙi. Mazan birni suka fita tarbarsa, ƙofa ta rufe a bayansu da kanta, ta ƙi buɗuwa. Na ciki ba sa fita, na waje ba sa shiga, kuma cikin na wajen har da mahaifin Gwamma da yayyenta. Ita Gwamma 'yar maƙeri ce mai wuta a tafin hannu, tana narka ƙarfe ba gawayi ba zugazugi. Ƙofar nan ce kaɗai wutarta ba ta ci, don kakanninta ne suka ƙera ta. Kuma baiwar tana da sharaɗi irin na gidansu: ranar da hawaye ya zubo mata, wutar ta mutu ke nan har abada. Shi ya sa tun da ta yi wayo ba ta taɓa bari idonta ya jiƙe ba. A saman ƙofar kuwa kakanni sun zana wani rubutu, layi ɗaya, wanda ya hana birninsu sakat, ya hana gidanmu ma. Wai makulli yana cikin kuka.

Da a baki aka faɗi maganar, da babu gardama. Kowa ya san in ka sauke murya a ƙarshen kalmar, itace kake nufi, wadda ake miya da ganyenta. In ka riƙe muryar a sama, hawaye kake nufi. Amma a rubuce harufa huɗu ne, ba sa hawa ba sa sauka, kuma marubucin nan, Allah ya shirye shi, ya san abin da yake yi. Ni da ke riƙe da littafi dole in zaɓi ɗaya, tun da baki ba ya faɗin biyu lokaci guda. Na sauke murya. Me kuma zan yi? Ina ake ɓoye abu in ba a kogon kuka ba? Ina iskoki ke zama? Kuma ga wata tsohuwar kuka nan a gindin ganuwa, wadda Gwamma ke tsoron giftawa ta ƙarƙashinta tun tana ƙarama. Ban rufe baki ba na ji ka maimaita kalmar, muryarka a sama, ko kai ba ka ɗago daga allura ba. Na ɗauka ba ka ji da kyau ba ne, na sake faɗa. Ka sake gyara mini. Ni da nake koya wa 'ya'yan mutane karatu.

Tun daga ranar ba ka fasa ba. Duk inda layin nan ya zo, kuma yana zuwa a kowane littafi, ni in faɗa irin tawa, kai ka maimaita irin taka, sannan in ci gaba. Har matan maƙwabta suka saba, da na faɗa sai su juya su dube ka suna jira. Ni ma, in gaya maka gaskiya, na koyi barin ɗan fili bayan kalmar, in ja numfashi, don gyaranka ya sami wurin shiga.

Hujjarka na haddace ta kamar karatun allo. Ka ce me ke cin ƙarfe? Tsatsa. Me ke kawo tsatsa? Ruwa. Hawaye kuwa ruwa ne da gishiri. Saboda haka yarinyar da ba ta taɓa zubar da hawaye ba, ita za ta tsaya a gaban ƙofa ta yi kuka, kwaɗon ya yi tsatsa ya karye, ta buɗe wa mahaifinta da makamin abokin gaba, ta rasa wutarta. Na ce wannan mugunta ce, babu marubucin da zai wahalar da yarinya shekara da shekaru sannan ya ƙwace mata abu ɗaya da take da shi. Ka ce labarin da aka gama ba a rasa komai ba, ba ka ga abin da zai sa ka ajiye aikinka ka saurare shi ba. Na ce ai ba ka ajiye ba, ga allura nan a hannunka.

Gida ya rabu biyu. Inna da duk matan layinmu suna bayana, don Inna ta ce ita ta girma kusa da kuka a ƙauyensu, ta san abin da ke cikinta, ba kuma za ta faɗa ba. Malam Iro da Bala suna bayanka. Garba, da ba ya ɗaukar komai da muhimmanci sai cikinsa, ya ce duk mun ɓata, makullin a tukunyar miya ya faɗa, a duba ƙasan kwano. Ɗaliban Kongo ma suna da tasu, Malam Iro ke kawo mana. Da farko sun ce Sarkin Tsatsa Turawa ake nufi. Da kuɗin mai ya fara shigowa suka ce a'a, shi ake nufi, shi ne zai cinye mu mu zama gari. Ka ce yaran nan ba sa iya jin labari su bar shi a labarinsa, alhali kai ne ka kwana uku kana tabbatar mini cewa Makaho Zugau, tsohon nan mai zuga wuta a maƙerar su Gwamma, shi ne tsohon sarkin birnin ya ɓad da kama. Dalilinka wai ba a taɓa nuna shi yana cin abinci a gaban mutane ba. Ni kuma na ce Sarkin Tsatsa da can maƙeri ne, ɗan gidansu, wanda wutarsa ta mutu. Ka yi mini dariya, da ka kwana ka tashi kuma ka ɗauke maganar ka ƙara a cikin hujjojinka ba tare da ka ce mini na gode ba.

Ranar da ba zan manta ba ita ce ta littafi na huɗu. Ina cikin karatu na zo inda Zugau ke ce wa Gwamma ta daina gudun kukan nan. Sai na ji ka soke allura a riga ka miƙe tsaye. Ka sa na maimaita. Ka karɓi littafin da hannunka, ka kai shi kusa da ido, ka leƙa zaure kana kiran Malam Iro ya zo ya shaida. Kukan aka rubuta, ba kukar ba. Kukar itace mace ce, kukan hawaye namiji, magana ta ƙare. Har ka aiki Bala ya sayo tsire. Na bar ka ka ci, ka sha ruwa, ka yi gyatsa. Sannan na buɗe maka shafi biyu baya na nuna maka inda marubucin ya rubuta ƙofan birni, na ƙara buɗewa na nuna maka rigan sarki. Na ce Malam, mutumin nan Bazazzage ne irinka. Ku da Kanawa ke yi wa dariya don ba ku raba mace da namiji a magana, ku ce motan Alhaji, ku ce matan Garba alhali ita kaɗai ce, da bakinku za a kafa hujja? Wallahi fuskarka a ranar ta fi tsiren daɗi. Ka zare allurarka, can ka ce ai ni ma Bazazzagiya ce. Na ce ni an gyara mini a kwaleji.

Ina rubuta wannan ina dariya ni kaɗai, Bala ya leƙo yana tambaya ko lafiya.

Sai damina ta zo da ciwon haƙarƙarin nan. Ba zan tsaya a kansa ba, kai ka fi ni sanin yadda ya kasance. Abu ɗaya kawai zan tuna maka. A asibiti, ranar da numfashinka ya ɗan daidaita, Malam Iro ya zo duba ka, ba ka tambaye shi kasuwa ba, ba ka tambaye shi iyali ba, ka ce masa na ƙarshen ya fito? Haushi ya kama ni, na ce mutum yana kwance ana ƙara masa ruwa yana zancen Gwamma. Ka ce so kake ka ga idona ranar da za a buɗe ƙofar. Na juya ina gyara kwanukan abinci. Na ɗauka muna da lokaci.

Akwai maganganun da ban taɓa faɗa maka ba, don ba a koya mana faɗin irinsu ba. Mazan mutane, in mace ta ja da su a magana, ko su daka mata tsawa ko su ce to na ji don ta yi shiru. Kai ba ka taɓa ce mini to na ji ba. Ba ka taɓa bar mini gardama don tausayi ba, ko ranar da nake da tsohon cikin Bala ina jin haushin kowa. Ka ɗauki kaina a matsayin kan da ya isa a yi musu da shi, ka je kasuwa kana tunanin amsar da za ka ba ni, ka dawo da ita da zafinta. Ka san abin da wannan yake a wurin mace? Ni ban san wani suna da zan ba shi ba sai so. Ina son ka, Malam. Ga shi na rubuta, ko a takardar ma sai da na waiga. Kuma ranar da aka fita da kai ban yi kuka ba. Mata suka yi ta yabona, wai Malama akwai tawakkali, addu'a yake bukata ba hawaye ba. Ba tawakkali ba ne. Abin ne ya tsaya mini a ƙirji, ya ƙi hawa ya ƙi sauka, na yi takabata na fita yana nan inda yake.

Karatun Juma'a ya mutu. Babu wanda ya ce a daina, babu kuma wanda ya ce a yi. Ban daɗe da fita takaba ba Malam Iro ya yi sallama a zaure ya ba Bala wani abu a naɗe cikin jarida ya kawo mini. Ko ban buɗe ba na san mene ne. Na ɗaga murfin akwati na sa shi ƙarƙashin zannuwa na rufe. Tsoro nake ji, kuma ban ɓoye wa kaina dalili ba. In kai ne da gaskiya, wa zan gaya wa? In ni ce da gaskiya, wa zan yi wa gori? Duk ta inda ƙofar nan ta buɗe, ni ce da hasara. Gari duk ya karanta. A makaranta malamai suka fara zancen a ɗakin hutu, na toshe kunne na fita, har suka gane suka riƙa yin shiru in na shigo. Malam Iro shi ma ya ƙi karantawa, ga littattafan a bakin ƙofar ofishinsu, ya ce duk na baya daga zauren nan ya ji su, ba zai canza a na ƙarshe ba. Ka yi sa'ar aboki.

Inna ce ta kawo ƙarshen abin. Ranar Laraba ina tankaɗe ta zo ta zauna kusa da ni, abin da ba ta saba ba. Ta ce har yaushe zan bar yarinyar mutane a tsaye a bakin ƙofa? Ta ce ita ta tsufa, gwiwarta tana gaya mata abubuwa, kuma an riga an yi mutum ɗaya a gidan nan da ya tafi bai ji ƙarshe ba, ba ta so a yi na biyu. Me zan ce mata? Na ce Juma'a, in Allah ya kai mu.

Ban leƙa ba, ka san ƙa'idarmu, mai karatu ba ya riga masu saurare. Jiya aka yi shara aka yayyafa ruwa. Mata suka cika tsakar gida, har da waɗanda ban san suna bin labarin ba. Garba ya zo da matarsa, ya kashe babur tun daga bakin layi don kada ya dame mu. Malam Iro ya yi gyaran murya a zaure don in san yana nan. Tabarmarka Bala ya shimfiɗa a inda take, babu wanda ya ce ya yi, babu kuma wanda ya zauna a kai.

Bari in fara da inda ka faɗi, don in ji daɗi. Makaho Zugau ba sarki ba ne. Makaho ne mai zuga wuta, shi ke nan. Dalilin da ya sa ba ya cin abinci a gaban mutane, ba shi da haƙori ne, kunya yake ji. Tsakar gida ta kwashe da dariya, Malam Iro ya yi salati daga zaure. Sarkin Tsatsa kuwa, yadda na faɗa haka yake, ƙanen kakan Gwamma ne, maƙeri ne da wutarsa ta mutu. A nan na tsaya na dubi matan ɗaya bayan ɗaya don kowa ta shaida.

Sai aka zo babi na ƙarshe. Sarkin Tsatsa ya ci rabin ganuwa, mazan waje sun kusa ƙarewa, Gwamma tana jin muryar mahaifinta ta bayan ƙofa yana kiran sunanta, muryar tana raguwa. Hadari ya haɗu. Ta juya ta nufi tsohuwar kukar nan da take gudu tun tana yarinya. Matan suka fara taɓa juna, Inna ta gyara zama. Gwamma ta sunkuya ta shiga kogon. Ka san abin da mugun mutumin nan ya yi? Ya ƙi bin ta ciki. Ya ce abin da ya faru a kogon ita kaɗai ta sani, shi bai shiga ba. Ya bar mu a waje, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Can ta fito, hannunta na dama a dunƙule, ba a ce ga abin da ke ciki ba. Fuskarta sharkaf, amma ai ruwan sama ake yi. Ta je ta ɗora hannun a kan kwaɗon, ƙofa ta yi ƙara ta buɗe. Da gari ya waye ta buɗe tafin hannunta, babu wuta, ba ta kuma dawo ba. Ruwan sama ne ya kashe wutar, ko kuwa? Bai ce ba. Ka taɓa ganin ɗan iskan marubuci irin wannan?

Na juya shafi, saura layi ɗaya, shi kaɗai a tsakiyar farar takarda. Idona ya riga bakina isa. An rubuta: haka aka sami makulli cikin kuka.

Harufan nan huɗu dai, Malam, ba su hau ba ba su sauka ba. Ya miƙo mini abin ya tafi. Duk wanda ya karanta a zuci zai rufe littafin da abin da ya zo da shi, amma ni a fili nake karantawa, kuma kowa a tsakar gida bakina yake kallo. Abin da na faɗa shi zai zama ƙarshen labarin a gidan nan. Ga hujjata a shimfiɗe, ta shiga kuka, ta fito da abu a hannu. Da kana zaune a tabarmar nan, wallahi da na sauke muryata har ƙasa, na dube ka ido cikin ido. Na buɗe baki da niyyar haka. Sai na tuna abin da ke biyo baya. In na faɗa irin tawa, zan bar ɗan filin nan da na saba bari, in ja numfashi, matan nan su juya su dubi tabarma. Kuma babu abin da zai shigo filin. Na san zan iya ɗaukar abubuwa da yawa, na ɗauki wankanka da fitarka da zaman makoki, amma wannan shirun ba zan iya ɗaukarsa ba.

Na riƙe muryata a sama. Na faɗa irin taka.

Na jira matan su taso mini, don na ci amanarsu a gaban jama'a. Duk Inna suke kallo, ita ce shugabarmu. Ta daɗe tana duban zogalen da ke cinyarta. Sannan ta ce ashe kai ne da gaskiya. Ba yaron nan ta ce ba, ba mai allura ta ce ba. Sunanka ta kama, Malam, sunanka na yanka. Matar da tun da ta haife ka kunyar ɗan fari ba ta bar ta ta faɗe shi ba ko sau ɗaya, ta faɗe shi a tsakar gida, a gaban surukanta da maƙwabta, a hankali, kamar tana ɗanɗana shi. Abin nan da ya tsaya mini a ƙirji tun damina, a nan ya sauka. Na kifa kaina a cinyarta, ta kifa nata a bayana, muka yi ta yi babu mai ba wani haƙuri. Garba ya tashi wai zai duba babur. Daga zaure ban ji komai ba sai Malam Iro yana ta fyace hanci.

Da muka gama na ji yunwa irin wadda na daɗe ban ji ba. Matar Garba ta ɗora tukunya, miyar kuka ta kaɗa don neman magana, mijinta kuma ya sa cokali yana laluben ƙasan kwano wai yana neman makulli. Inna ta yi dariya har tana riƙe gwiwa. Na yi barci mai nauyi, na tashi da asuba jikina sakayau. Matan sun ce Juma'a mai zuwa a koma littafi na farko, akwai amaren da aka kawo layinmu da ba su ji farkon ba. Na ce to.

Amma kada ka miƙe ƙafa a can ka ce ka ci. A gaban mutane ka ci, na ba ka, kuma ba zan karɓe ba, duk inda layin nan ya zo daga yau irin taka zan faɗa. Tsakanina da kai kuwa, me ta dunƙule a hannunta? Mutum yana dunƙule hawaye ne? In kuka kawai za ta yi, me ya kai ta kogon itace, ga bakin ƙofa nan fili fetal? Na san za ka ce kunya ce, 'yar maƙeri ba ta kuka a gaban mutane. To ina da amsar wannan ma, na tanade ta. Ka riƙe hujjojinka da kyau, kada ka manta ko ɗaya, don ni ban manta nawa ba.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ya sa ka huta. Allah ya sa in tawa ta zo in cika da imani, a sauke ni kusa da inda kake. Inna tana gaishe ka, yara suna yi maka addu'a kullum. Ka kwanta lafiya, Malam.

Ni ce abokiyar gardamarka,
Hajara.